Rufaffen direba a kan X: gudummawa ce ko aro?

Mai_Sukurdireba_Otigba:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda Windows 10 ta daina samun faci a watan Oktoban 2025, tsofaffin kwamfutocin tokumbo da suka cika kasuwar Computer Village ta Legas ba su da mafita sai Linux. Matsalar tana kan masu katin hoto na NVIDIA, irin su Latitude E6410, ThinkPad T410 da EliteBook 8440p masu NVS 3100M. X.Org, wato manhajar da ke zana tagogi a allo, kyauta ce kuma rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara. Amma kamfanin NVIDIA ya kawo direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin, a dunƙule, an riga an harhaɗa, babu rubutun tushe. Wasu na cewa wai gudummawa ce kamfanin ya bayar. Ni a ganina aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Masana, ina gaskiyar take? Ya dace masu buɗaɗɗiyar manhaja su buɗe wa irin wannan ƙofa?

Injiniya_Yaba:
Wa alaikumus salam. Oga, gyara ɗaya kafin a yi nisa. X.Org ba ta ajiye rufaffen direba a rumbunta. Fayil ɗin nvidia_drv.so kamfanin ne yake rarraba shi, ko kuma Ubuntu da Debian su ɗauko su saka a sashe na daban. Abin da X ta yi shi ne ta bar ƙofar da direban zai shigo ta ciki.

Ƙofar nan da gangan aka yi ta. A zamanin XFree86 3.3, magabaciyar X.Org, kowane rukunin kati da sabarsa guda, wato babbar manhajar X ɗin, XF86_SVGA, XF86_S3, XF86_Mach64, direban a manne cikin sabar. Duk mai son ɓoye direbansa sai ya raba saba sukutum. Haka aka yi a 1998, lokacin da Red Hat ta raba sabobin XBF na NeoMagic da Intel i740 babu rubutun tushe, sai daga baya aka saki rubutun. Da XFree86 4.0 ta fito a Maris 2000 sai aka koma saba guda mai loda modul, da malodin da kamfanin Metro Link ya bayar. Malodin nan bai damu da wace manhajar tushe ake kai ba: a harhaɗa modul sau ɗaya, ya yi aiki a Linux da FreeBSD muddin furosesa iri ɗaya ce. To wa ya fi cin ribar wannan in ba mai raba dunƙule ba?

DanAgege:
Kenan su da kansu suka gina wa kura ƙofa.

Injiniya_Yaba:
DanAgege, ba su taɓa ɗaukar kamfani a matsayin kura ba. X ta fito daga MIT a 1984, X11 a 1987, kuma kamfanoni irin su DEC, Sun, HP da IBM ne suka riƙe ta da kuɗinsu. Lasisin MIT ya yarje ka ɗauka, ka gyara, ka rufe, ka sayar, sharaɗin kawai ka bar sanarwar haƙƙin mallaka. Metro-X da Accelerated-X sabobin X ne na sayarwa, kuma babu dokar da suka karya.

Hajiya_Kod:
Akwai abin da ke tsakanin buɗewa da rufewa da ba a ambata ba, kuma a wurina ya fi dunƙulen muni. Ana dab da sakin XFree86 3.3.3 a ƙarshen 1998, NVIDIA ta sa aka musanya rubutun direban katinta Riva da wanda aka goge sunayen cikinsa. Rubutu yana nan, yana harhaɗuwa, amma inda ya kamata ka ga sunan rajista da aikinta sai ka ga lamba tsirara ana zuba ta a wani adireshi. Direban nv da ya biyo baya haka ya rayu, babu 3D, babu mai iya ƙara masa abin kirki in ba ma'aikacin kamfanin ba, har suka daina bin sa a 2010.

Sai salon Matrox. Direban mga a buɗe yake, amma in kana son wasu ayyuka na G400, kamar fitar da hoto zuwa talabijin ta kai na biyu, sai ka je ka ɗauko wani dunƙule mai suna HAL, mga_hal_drv.o. An bar ƙugiyoyi a cikin buɗaɗɗen rubutun suna jiran abin da babu mai ganin cikinsa. Wannan shi ne ainihin abin da Oga Mai_Sukurdireba yake tambaya a kai, domin a nan buɗaɗɗen ne ya lanƙwasa don ya karɓi rufaffen.

Babangida_GPU:
Ni zan tsaya wa kamfani, ko da za a yi mini ca. Na ɗaya, ba duk abin da ke cikin direba ne nasu ba. Akwai abin da suka karɓa da lasisi daga wasu, akwai na haƙƙin ƙirƙira. Haƙƙin S3TC kaɗai ya hana Mesa, buɗaɗɗiyar manhajar 3D ta Linux, saka matse hoto na wasanni kai tsaye har sai da haƙƙin ya ƙare a 2017. Na biyu, GeForce 8800 ya fito a ƙarshen 2006, kuma reshen direba 340 ya riƙe wannan zuri'a har ƙarshen 2019. Shekara 13 ke nan. Wace waya ce a kasuwar nan take samun haka? Na uku, yaran da ke koyon AI a Yaba da CUDA, manhajar lissafi a kan katin NVIDIA, suke aiki, kuma CUDA sai da direban kamfani. Ka ce musu su koma nouveau, buɗaɗɗen direban NVIDIA na 'yan sa-kai, ka ji amsar da za su ba ka. Da babu gara ba daɗi.

Hajiya_Kod:
Malam Babangida, shekara 13 ɗin gaskiya ne. To ka kwatanta da Radeon 9700 na 2002, katin ATI da AMD ta saya daga baya, wanda direbansa r300 yake cikin Mesa har yanzu. Shi kuwa rufaffen direban kamfanin, fglrx, ya yar da wannan zuri'a tun Catalyst 9.3 a 2009, kuma wannan sigar ba ta tashi a kan sabar X 1.6 da Ubuntu 9.04 ta zo da ita wata guda bayan haka. Abin da ya ceci masu katin shi ne takardun rajista da AMD ta fara saki a 2007.

Usman_Alaba:
Ku yi haƙuri da ɗalibi. Me ya sa direba zai daina aiki alhali katin bai canza ba? Ƙarfen yana nan yadda yake.

Malam_Kanel:
Ɗan'uwa Usman, tambayarka ita ce gindin maganar. Katin bai canza ba, abin da ke kewaye da direban ne ya canza. Direban hoto yana manne da abu uku, kuma kowanne yana iya ɓalle masa.

Na farko sabar X. Direban ba ta wasiƙa yake magana da saba ba, cikin jikinta ake loda shi, yana taɓa tsare-tsaren bayananta kai tsaye. In an ƙara gurbi guda a tsakiyar wani tsari, duk abin da ke bayansa ya gusa, direban da aka harhaɗa a kan tsohon tsari zai je ɗauko abu ya ɗauko wani. Shi ya sa sabar take da lambar ABI, mai nuna wane tsari take kai: siga 1.18 tana da 20, 1.19 tana da 23, 1.20 tana da 24, 21.1 tana da 25. Buɗaɗɗen direba sai a sake harhaɗa shi a kan sabuwar saba, in akwai gyara a yi. Rufaffe sai mai shi ya ga dama.

Na biyu kanel, wato zuciyar Linux. Linux ba ta alkawarin cewa hanyoyin cikinta za su tsaya cak. Don haka kamfanin yake raba modul ɗinsa kashi biyu, babban dunƙule da kuma siririn rubutu a buɗe mai haɗa shi da kanel, wanda DKMS ke sake harhaɗawa duk lokacin da aka sabunta kanel. Siririn ana iya yi masa faci, kuma 'yan sa-kai suna yi. Dunƙulen babu mai taɓa shi. Siga 340.108 ita ce ta ƙarshe, ta tsaya a kanel 5.4 da saba 1.20, duk abin da ya wuce nan faci ne a kan faci.

Na uku libGL, fayil ɗin da manhajoji ke bi su zana 3D. A da mai girka direban yakan danne libGL.so na Mesa da nasa, sai sabuntawa ta zo ta maido na Mesa, 3D ya mutu ba tare da an ce maka komai ba. libglvnd ta magance wannan a sababbin sigogi, amma 340 ta riga ta.

Usman_Alaba:
Na gode Malam. To in allo ya yi baƙi bayan sabuntawa, ta yaya za a gane wanne ne cikin ukun?

Malam_Kanel:
Danna Ctrl+Alt+F3 ka shiga da sunanka. Sai:

lspci -nnk | grep -A3 VGA
Wannan zai nuna katin da kuma modul ɗin da ke riƙe da shi. In babu layin da ke nuna direban da ake amfani da shi, matsalar daga kanel take.

dkms status
In modul ɗin bai kai matakin girkawa a kan kanel ɗin da kake kai ba, duba make.log a ƙarƙashin /var/lib/dkms. Yawanci ko linux-headers ne babu, ko siririn rubutun ya ƙi harhaɗuwa. A sababbin injina masu Secure Boot kuma modul yana iya harhaɗuwa lafiya amma kanel ya ƙi loda shi saboda babu sa hannu, sai an yi rajistar mabuɗi da mokutil.

grep EE /var/log/Xorg.0.log
In ka ga ana maganar ABI, sabar ce ta ƙi direban.

Komawa nouveau: apt purge na duk kunshin nvidia, ko nvidia-uninstall in da fayil ɗin .run aka girka. Cire fayil ɗin da ya haramta nouveau a /etc/modprobe.d, kawar da /etc/X11/xorg.conf gefe, tabbatar babu nomodeset a GRUB, yi update-initramfs -u, sake kunnawa. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne mantawa da initramfs, ƙunshin fayilolin da ake fara lodawa a lokacin tashi. An goge haramcin a faifai amma kwafinsa yana nan a ciki, sai a tashi babu wannan babu wancan.

DanAgege:
Ai akwai gajeriyar hanya. A saka wannan a /etc/X11/xorg.conf.d:

Section "ServerFlags"
Option "IgnoreABI" "1"
EndSection

340 zai tashi a kan 21.1.

Malam_Kanel:
Zai tashi, ban musa ba. Amma ka san abin da ka yi: mai gadi ya ce wannan mabuɗin ba na ƙofar nan ba ne, kai kuma ka sallami mai gadin. Bambancin 24 da 25 bai yi yawa ba shi ya sa ake sha. Ranar da ya faɗi, zai tafi da duk tagogin da ke buɗe, har da aikin da ba a adana ba. A injin gwaji babu laifi. A injin da za a miƙa wa mai saye ya tafi Ƙetu ko Mile 12 da shi, kar a yi.

Zainab_Tsaro:
Ku bar maganar faɗuwa, ku zo kan tsaro. Tun sabar 1.16 a 2014 ana iya tafiyar da X ba da ikon root ba, wato cikakken iko a kan injin, amma sai direban yana da KMS, wato kanel ne ke saita allo. 340 ba shi da shi, don haka dole sabar ta tashi da cikakken iko, ɗauke da dunƙulen da rabonsa da gyara tun 2019. Kuma ba tsoro ne na banza ba. A Oktoban 2006 Rapid7 ta bayyana wata ɓaraka a rufaffen direban NVIDIA da ke ba da ikon root ta hanyar zana haruffa. Babu wanda ya iya toshe ta sai kamfanin. OpenBSD ba ta karɓar irin wannan direba kwata-kwata saboda wannan dalili.

Babangida_GPU:
Hajiya Zainab, a yi adalci. A farkon 2014 an gano ɓaraka a libXfont da ke kwance tun 1991. Shekara 22 da ɗoriya rubutu a buɗe, idanun da ake cika baki da su suna ina? A ƙarshen wannan shekarar ma an fitar da jerin wasu da Ilja van Sprundel ya tono, har da masu tushe tun 1987.

Zainab_Tsaro:
Ai ka kawo mini hujja da kanka. Wani daga waje ya karanta ya gano, aka rubuta faci, kowace rarrabawa ta ɗauka, har masu tsohuwar siga suka mayar da facin baya. Buɗewa ba ta hana kuskure. Abin da take bayarwa shi ne ranar da aka gano, ba sai an jira mutum guda ba. Ɓarakar da za a gano gobe a 340 wa zai toshe ta?

Mai_Sukurdireba_Otigba:
Mun ɗan yi nisa da kasuwa. A aikace, injin da ke kan tebur me za a saka masa?

Tijjani_Bod:
Oga, ya danganta da zuri'ar katin.

NVS 3100M zuri'ar Tesla ce, reshe 340. Ubuntu 20.04 da kanel 5.4 ce ta ƙarshe da ta riƙe shi da kyau, ita ma wa'adinta na kyauta ya ƙare a 2025. Debian tun siga 11 babu shi. A bar shi a nouveau da Xfce ko MATE. Burauza, ofis da bidiyo mai matsakaicin girma za su tafi.

NVS 4200M na T420 da E6420, da NVS 5400M na T430, zuri'ar Fermi ce, reshe 390, wanda ya ƙare a ƙarshen 2022, kuma Debian 12 ba ta ɗauke da shi. Sa'ar da aka yi, waɗannan suna da katin Intel a gefe. A ThinkPad ka shiga BIOS, sashen Display, ka zaɓi katin ciki kaɗai. Batir zai ƙara jimawa, zafi ya ragu, wanda ba ƙaramin abu ba ne a shagon da fanka ke jiran janareta. A Dell kuma a bar Optimus, mai haɗa aikin katin Intel da na NVIDIA, a kunne, domin in ka kashe shi NVIDIA kaɗai za ta rage.

Kepler reshe 470 ne, ya ƙare a 2024.

Wajen sari, in an ajiye maka E6410 biyu, ɗauki mai Intel zalla ko da mai sayarwa yana kuranta ɗayan da cewa mai girafik ne. Sayensa a yau cinikin biri a sama ne.

Hajiya_Kod:
Ƙari a kan na Malam Tijjani: nouveau yana barin kati a saurin da ya tashi da shi, wanda galibi ƙasa ne. A wasu Tesla da Kepler ana iya ɗagawa da hannu. Karanta /sys/kernel/debug/dri/0/pstate ka ga matakan da katin yake da su, sai ka rubuta lambar matakin da kake so a cikin fayil ɗin da ikon root. Fermi bai samu wannan yadda ya kamata ba. Daga GTX 900 zuwa sama kuma katin ba ya karɓar ƙaramar manhajar cikinsa sai mai sa hannun kamfani, don haka GTX 900 da GTX 10 sun maƙale a ƙaramin sauri a nouveau. Kafin ka ɗaga sauri a injin da ya shekara 14, ka buɗe shi ka share fanka ka canza man furosesa tukuna.

Babangida_GPU:
To ga tambaya ga masu tsarki. amdgpu, buɗaɗɗen direban AMD, ba ya tashi sai da fayilolin da ke cikin linux-firmware, Intel ma tana da GuC da HuC, duk a rufe. Debian da kanta ta kaɗa ƙuri'a a 2022 ta saka su a faifan girkawa tun daga siga 12. Me ya raba wannan dunƙule da wancan? Kuma buɗaɗɗe ma yana mutuwa: Mesa 22.0 ta fitar da r100, r200 da i965 daga babban reshe.

Injiniya_Yaba:
Tambaya mai kyau, kuma rabinta na yarda da ita. Ta fuskar aƙida dunƙule dunƙule ne. Ta fuskar aiki akwai bambanci. Na linux-firmware a kan katin yake gudana, kanel miƙa masa shi kawai yake yi, bai san lambar ABI ta saba ba balle ta dame shi. Fayil ɗin Radeon na 2010 yana loduwa a kanel na bana. Na NVIDIA kuwa a cikin kanel da saba yake zaune. Shi ya sa in ka karanta /proc/sys/kernel/tainted za ka ga 4097, wato 1 na rufaffen lasisi da 4096 na modul daga waje, ko 12289 in babu sa hannu. Masu kula da kanel in suka ga wannan a rahoton matsala sai su ce ka maimaita ba tare da modul ɗin ba, domin ba su da hanyar sanin abin da ya taɓa.

Maganar Mesa 22.0 kuma, ka faɗi farko ka bar ƙarshe. Kafin a cire i965, Dave Airlie ya riga ya kawo crocus a 2021 don tsofaffin katunan Intel, har da wanda ke cikin E6410 ɗin da Tijjani ya ce a saya. Ya iya ne saboda tsohon rubutun da takardun suna nan. r100 da r200 babu wanda ya ɗauka, suna reshen Amber, inda Mesa ta ajiye tsofaffin direbobi, amma ko yau wani ya so zai iya.

Sadiq_Netbuk:
Kar a wanke Intel tas. GMA 500 da ke cikin Dell Mini 12, Vaio P da Aspire One 751h, sunan Intel ne a kai amma cikinsa PowerVR ne na Imagination. Direban psb ya dogara da dunƙule, ya tsufa cikin ɗan lokaci, kuma gma500 da Alan Cox ya shigar kanel daga baya allo kawai yake kunnawa, babu 3D. Wannan ya ƙarfafa maganar Babangida ta farko cewa wani lokaci kamfani ba shi da ikon buɗewa. Amma ga mai injin duk ɗaya ne.

DanAgege:
Wai ma duk wannan ba tarihi ba ne? X ɗin kanta tana kan hanyar fita. Ubuntu 25.10 ta cire zaman GNOME a kan Xorg. Kuma NVIDIA ta buɗe modul ɗinta tun Mayun 2022.

Malam_Kanel:
An gudu ba a tsira ba. A Wayland ma, magajiyar X, shekaru aka yi kowa yana kan hanya guda ta ware wa hoto wuri a kati mai suna GBM, NVIDIA tana kan tata mai suna EGLStreams, sai da GNOME da KDE suka rubuta mata hanya ta daban, kafin siga 495 ta karɓi GBM a 2021. Ƙugiyar HAL ɗin da Hajiya_Kod ta ambata ce ta dawo da sabuwar riga. 470 zuwa ƙasa ba su da GBM, don haka masu su galibi sun maƙale a X. Buɗewar 2022 kuma ta modul ɗin kanel ce kawai, daga Turing zuwa sama, wato GTX 16 da RTX 20. OpenGL, Vulkan da CUDA suna nan a rufe, kuma aiki mai yawa ya koma cikin GSP, wata ƙaramar furosesa a kan katin mai rufaffiyar manhaja. Amfanin da aka samu na gaske ne duk da haka: nouveau ya fara amfani da GSP ɗin tun kanel 6.7, ga kuma NVK, buɗaɗɗen direban Vulkan na katunan NVIDIA, a Mesa.

Babangida_GPU:
Ka ga kenan haƙuri da su ya biya. Da an rufe musu ƙofa tun 2000, da Linux ba ta shiga ɗakunan zane da na lissafi ba, da kuma babu kasuwar da za ta sa su buɗe komai a 2022.

Hajiya_Kod:
Ko kuma da an rufe ƙofar da sun saki takardu tun tuni kamar yadda AMD ta yi. Babu mai iya tabbatar da ɗaya cikin biyun. Wanda ya biya kuɗin haƙurin dai shi ne mai NVS 3100M, kuma yawancin irinsu a nan suke ƙarewa, ba a ƙasar da aka ƙera su ba.

Usman_Alaba:
Malam Tijjani, EliteBook 8440p mai NVIDIA yana da zaɓin komawa Intel a BIOS kamar T420, ko sai nouveau?

Tijjani_Bod:
Kar ka dogara da sitikar da ke jikinsa, ana musanya murfi a kasuwar nan. Tayar da shi da filashi, ka yi lspci | grep -E "VGA|3D". Layi biyu, akwai Intel da za a koma. Layi ɗaya mai NVIDIA, nouveau ne kawai, kuma ka gwada barci da farkawa sau uku da fitar da hoto zuwa allon waje kafin ka biya kuɗi.